Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hakimi: A Bar Wa Yaranmu Dandali

Zuwa ga mai girma Hakimi, ta hannun Dagacin garinmu, tare da masu unguwanni da limamai da kansilan mazaɓarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe talakawanka da adalci. Muna gaida Dagaci da masu unguwanni da ɗawainiyar jama'a. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ya saka muku da alheri.

Ni 'yar garin nan ce. Nan aka binne cibiyata, nan aka kai ni ɗaki. Ina cikin yaran da aka ɗiba aka zuba a firamare a 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta fara shirin ilimi kyauta na UPE, kuma da alli a hannuna na gama aikin gwamnati. Takardar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Mu ne mata, iyaye da kakanni, masu haɗuwa a makarantar matan aure, muka yi ta juya maganar har aka ce tunda ni na saba da biro, in rubuta da yawun kowa. Wasu dattawa maza da labari ya kai musu sun ce a sa da su. Mata ba ma zaman fada, shi ya sa muka aiko da takarda. Mun kuma bar ta a buɗe don mun ji irin wannan na faruwa a wasu garuruwan Jigawa da Kano.

Abu biyu ne suka tashe mu. Na ɗaya, shelar da aka yi kwanakin baya: an hana gaɗa, an hana wasan dare, duk yaron da aka gani a waje bayan sallar isha'i 'yan sintiri su kama shi, ubansa ya biya tara, tashe kuma a azumin da ke tafe babu shi. Na biyu, ba a rufa wata guda ba sai ga masu awo a dandali da igiya da turaku, aka ce za a yanka shi filaye, gefen titi kuma a jera shaguna. Babu wanda ya nemi jin ta bakinmu, alhali mu ke wuni da yaran nan, mu ke kwana da su.

Ranka ya daɗe, mun san ba da mugun nufi aka yi shelar nan ba. Tsoro ne ya kawo ta, kuma tsoron yana da dalili. Ba mu manta da yara 9 'yan Kano da 'yan sanda suka gano a Anaca ta Jihar Anambra a 2019 ba, an sace su an sayar, har an sauya musu suna. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba, da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021. Mun ji yadda 'yan sanda a Kano suka sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya sun fake da shi. Mun ga abin da ƙwaya da kodin suka yi wa samari, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Duk uwar da ta ji waɗannan, gabanta sai ya faɗi in ɗanta ya yi nisa da ita.

Amma a dubi inda abubuwan suka faru. Na Ƙanƙara da na Jangebe a makarantun kwana aka tarar da su cikin dare. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a ƙarshen 2021, wadda mutuwarta ta girgiza ƙasar nan, mai makarantar da take karatu kotu ta kama da laifin. Tashen da aka dakatar na birni ne mai miliyoyin mutane, inda matashi zai taso daga wata unguwa da wuƙa a ƙugu ya saje da yara, ba wanda ya san ubansa. Garinmu ba haka yake ba. Nan ko baƙuwar akuya ce ta shigo, kafin la'asar an san mai ita.

Ka yi mini haƙuri in ɗan tuna maka yadda muka tashi, ko da yake na san kai ma irin rayuwar ka yi, don a cikinta hujjarmu take.

Da asuba makarantar allo, da hantsi boko, in an taso a ci abin da ya samu. In an sallame mu daga karatun yamma, gari ya zama namu. Alhamis da Juma'a da ba karatun allo kuwa, sai wanda ya gani. Innata ba ta taɓa tsare ni da tambayar ina za ni ba. Magana ɗaya take yi: mu shigo gida kafin shanu su shigo gari. Da mun hango ƙurar garke daga burtali, kowa ya san lokaci ya yi.

Kowane lokaci na shekara da abinsa. Da kaka, in an gama cirar gyaɗa, mu bazama gonaki kala, abin da ka tono naka ne, ko ka soya ko ka sayar ka sami kwabon kashewa ranar kasuwa. Da sanyi kamun fara tun da sassafe, kafin rana ta ɗumama su su tashi, sai kakkaɓar magarya da kanya da aduwa. Da bazara ɗorawa, bakin kowa ya yi rawaya. Ƙarshen damina ɗinya. Yayyenmu maza suna can da danƙo da karnuka suna haƙar gafiya, ko su tafi kiwo da ɗan gora da ƙullin fura, ko su taka har bakin dogo don kawai su ɗaga wa jirgin Nguru hannu. In sun zauna, su ƙera motar kara mai ƙofa da taya, kowa na nuna tasa ta fi. Mu kuma ga tuwon ƙasa, ga carafke da gala-gala, ga 'yartsana da za a yi wa kitso a yi mata biki har da gara. Babu kwabon uban kowa a cikin kayan wasan nan. Da hannunmu muka yi su.

Daren farin wata shi ne babbar sallarmu. A ci tuwo da sauri a fito dandali. 'Yan mata mu yi da'ira daga gabas da tsamiya, ana tafi ana amshi, ta tsakiya ta saki jiki ta faɗo da baya a cafe ta a cilla, ba ta ko waiwaye don ta san hannuwa na nan. Maza daga yamma suna langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya ana ture juna, ko a sha ruwan tsuntsaye, ko ɗan akuyana, ko kokawa. Sarkin samari na tsaye, in faɗa ya ɓarke shi ke rabawa. In wata ya yi duhu, sai ɗakin kaka: ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, har barci ya kwashe ƙanana a kan tabarma a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mai kallo daga nesa zai ce iyayenmu sakaci suka yi. Wanda ya zauna a ciki ya san ido a kanmu yake ko'ina. Akwai wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, mai sayar da gyaɗa da dakuwa a bakin dandali, da 'yar fitilarta aci-balbal a kan faifai. Kowane yaro da sunan uwarsa take kiransa. Wani dare wani baƙo ya tsaya da keke daga gefen duhu, ya yafito ɗaya daga cikinmu. Yarinyar ba ta yi taku uku ba tsohuwar nan ta ɗaga murya: "Malam, wa kake nema? Matso nan wurin haske mu gaisa." Dattawan da ke hira a dakalin masallaci suka juyo gaba ɗaya. Mutumin ya hau kekensa ya wuce. Mu ko tafin ba mu daina ba. Haka kuma in dare ya fara nisa, ɗaya daga cikin dattawan nan zai yi gyaran murya sau biyu, kafin ka ce me dandali ya watse.

Kuma ka san al'adarmu ta kara. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Ba ƙauna ce babu ba. An gina abin ne a kan cewa kaka na nan, gwaggo na nan, kawu da baffa da maƙwabta na nan, ɗa na kowa ne. In babba ya tsawata maka a waje, ba ka isa ka kai ƙara gida ba, don ƙari za a yi maka. Shi ya sa uwa ke iya sakin ɗanta ta ci gaba da dakanta hankali kwance. Sakewar da muka samu a kan abu biyu ta tsaya: fili a tsakiyar gari inda kowa ke ganin kowa, da manyan da suka ɗauki ɗan wani nasu.

Ba ma cewa zamanin nan namu ba shi da aibu. Ƙyanda da tarin shiƙa sun kwashe mana ƙanne. Kurkunu ya kwantar da manya da yara a tsakiyar damina, sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, shan inna kuma sai a 2020. Ƙawayena da yawa an cire su daga aji an yi musu aure. Akwai bulalar da ta wuce kima. Waɗannan ba ma kewarsu, kuma muna gode wa Allah da jikokinmu ba su san wasunsu ba. Abin da muke kuka a kai shi ne mai kyan da ake shirin binnewa tare da marar kyan.

Kukanmu na farko dandali ne. Mun san mutane sun ƙaru. Ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, ta ba mu kusan miliyan 2.9, ta 2006 kuma sama da miliyan 4.3, balle yanzu. Samari na son wurin gini, ba mu musa ba. To amma a lissafa abin da yara suka riga suka rasa. Burtali gonaki sun cinye shi, ya zama siririyar hanya. Kanya da ɗinya da ɗorawar bayan gari masu gawayi sun sare. Filin firamare, inda na yi shekaru ina fitar da yara motsa jiki, gine-gine sun ci kusan rabinsa. Dandali kaɗai ya rage. In aka yanka shi, sai titi. Tun yanzu ma da aka kafa turaku, yara sun mayar da ƙwallonsu bakin kwalta, inda babura da motocin kasuwa ke wucewa a guje. Kwanan nan Allah ne ya kiyaye wani ɗan shekara bakwai da ya bi ƙwallo, mai babur ya kauce masa ya faɗa kwata ya karye a hannu. Kuma dandalin nan ba na yara ne kaɗai ba. Nan ake wa'azi, nan ake taron ɗaurin aure in gida ya yi kaɗan, nan masu allurar rigakafi ke zama, nan ake jefa ƙuri'a. Shago in an gina na mutum ɗaya ne, fili kuwa in ya tafi ba ya dawowa.

Na biyu, shelar ba ta mayar da yara gida ba, ɓoye su ta yi. Ƙanana dai suna gida suna kuka suna damun iyaye a tsakar gidan da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. 'Yan shekara goma sha kuwa sun san hanyar da 'yan sintiri ba sa bi. Suna kangon bayan gari, suna gidan kallo, suna bayan shagon cajin waya. Na wuce ta nan da magariba na ga kawuna sun kai takwas a dunƙule a kan waya ɗaya, har da jikana. Da suka ji takuna, mai wayar ya kife ta a cinya. A dandali ba abin da yaro ke yi da sai ya ɓoye shi in babba ya zo wucewa. Wanda ke koya wa yaro shan ƙwaya ba ya zuwa tsakiyar gari gaban tsofaffi. Irin wuraren da yaranmu suka koma yanzu, nan yake jiransu.

Na uku shi ne ya fi ci mana rai, maganar 'ya'ya mata. An hana yarinya gaɗa a tsakiyar ƙawayenta, a gaban kakanninta, amma shelar ba ta ce komai a kan talla ba. Ranka ya daɗe, ka aika a duba maka tasha da ƙarfe goma na dare. Za a ga 'yan shekara tara da goma da farantin awara da gyaɗa a ka, suna bin motoci, suna shiga tsakanin direbobi da 'yan kamasho da baƙin da ba a san daga inda suka fito ba. Su 'yan sintiri ba sa taɓa su, wai ai sana'a suke. Wanne ya fi haɗari ga 'ya mace, da'irar gaɗa ko bayan babbar mota? Sannan a tuna, namiji yana da sauran rayuwarsa a waje, ga kasuwa ga majalisa ga gona. Mace a ƙauye 'yan shekarun nan na ƙuruciya su ne rabonta na guje-guje da dariya da ƙarfi a fili. Daga an kai ta ɗaki shi ke nan. Mu da muka samu, har yau in mun haɗu a gidan biki da shi muke hira. An ɗauke wa jikokinmu wannan, an bar musu faranti.

Na huɗu, tashe da abin da ke tafiya tare da shi. Daga goma ga azumi ƙananan yara ke fitowa, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya yi rawani ya zama malam, wani ya rataya layu ya zama mai magani, 'yan mata su ɗauko ƙwarya da ruwa suna kiɗa, a shiga gida-gida a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A ƙarshe su zauna su raba, kuma rabon nan kansa karatu ne. Na koyar shekaru masu yawa, na kuma ga bambanci da idona. Yaron da ya saba tsayawa gaban matan gida yana kwaikwayo, in na ce ya fito gaban allo ba ya rawar jiki. Yarinyar da ta iya ba da waƙa ana amsa mata, hadda ba ta ba ta wuya. Wanda aka sha kayarwa a langa ya tashi ya kakkaɓe, ba ya zuwa da wuƙa don an ci ƙungiyarsa a ƙwallo. A shekaruna na ƙarshe a aji na fara samun yaran da ba su san tatsuniya ko ɗaya ba, ba su iya warware kacici-kacici ba, ba su san sunan itatuwan garinsu ba. Masana lafiya ma sun yi magana: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, sashenta na 31 a kan hutu da wasa yake magana.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, mun ji cewa wasunku ne suka ba da shawarar hanin, saboda cakuɗuwar maza da mata da kalmomin batsa da suka shiga wasu waƙoƙin. Wannan gaskiya ne, mu ma ba ma so. Amma a bakinku muka ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wucewa ta wurin yara ya yi musu sallama. Ku kuka karantar da mu cewa ya aiki Anas ɗan Malik, Anas ya tsaya wurin yara masu wasa a kasuwa, da ya iske shi sai ya kama ƙeyarsa yana dariya. Ku kuka gaya mana Nana A'isha tana wasan 'yartsana da ƙawayenta, in sun ɓuya don ganinsa ya turo mata su. Abin da ya gurɓace a gyara shi. Waƙar banza a hana ta, manyan samari a raba su da wurin 'yan mata, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na biyar, yadda ake zartar da dokar. 'Yan sintiri 'ya'yanmu ne, muna gode musu da kwanan da ba sa yi saboda ɓarayin dabbobi. Amma an ba su aikin da ba nasu ba. An zane wani yaro da aka aika sayen maganin sauro, an sa wasu tsallen kwaɗo a gaban jama'a, an karɓi tara a hannun uban da bai ajiye na cefanen gobe ba. Yanzu akwai gidajen da ba sa ga maciji saboda wannan. Da ma can zumunci ya yi rauni, har an kai matsayin da maƙwabci zai ja kunnen yaro uwar ta fito da zani a hannu, wani uban ma ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Manya da yawa sun kama bakinsu, suna ganin ɗan wani na ɓaci su kau da kai. Tara da bulala suna ƙara wannan ɓaraka ne.

Na ƙarshe gajere ne. Kududdufin da aka haƙa lokacin aikin titi yana nan a buɗe, kowace damina ya cika ya batse. Ya taɓa cin rai a garin nan, kowa ya sani. Yaran da ke wanka a ciki da yawa suna fitsarin jini, tsargiya ta kama su. Wannan haɗari ne da ake gani da rana tsaka, amma ba a taɓa yin shela a kansa ba.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A dakatar da awon dandali, a cire turakun. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara, saboda haka muna roƙon ka shige mana gaba, kai da kansila, a rubuta dandalin nan a takarda a matsayin filin al'umma, a buga hatimi, a ajiye kwafi a fada da wurin Dagaci, yadda ko bayan ranmu ba mai iya sayar da shi. A shata iyakarsa da itatuwa. Mu mata mun ɗauki alkawarin ban ruwa har su kama. Masu son shaguna a duba musu gefen tasha. Filin firamare shi ma a fitar da iyakarsa kafin sauran ya tafi.

A janye shelar, a sake wata. A ce wasa a dandali kaɗai, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe tara, 'yan mata gefe guda, maza gefe guda. Kowace unguwa ta fitar da dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya da za su riƙa zama bi da bi. Ba sai an neme mu ba, mun riga mun rubuta sunayen waɗanda suka yarda, takardar na wurina. A naɗa sarkin samari kamar da, a zaɓi mai hankali wanda yara ke jin maganarsa, ya riƙa kai rahoto wurin mai unguwa. Fitilun nan masu aiki da hasken rana da ake kafawa a ƙofar gidajen manya, muna roƙon kansila ya samo mana biyu a kafa a dandali.

A bar ƙananan yara su yi tashe a cikin unguwarsu, da sanin mai unguwa, bayan sallar asham, ba sanda ba makami, ba wanda ya wuce shekara goma sha biyu ko sha uku. Wanda ya karya wannan a hana shi shi kaɗai.

A hana tallar dare ga 'yan mata. Mun san wannan zai taɓa aljihun wasunmu, don da ribar awarar nan ake sayen omo da gishiri, ake tara kayan ɗaki. Mun tattauna, mun yarda a tsayar da talla daga magariba. Uwar da ke da abin sayarwa da dare ta kawo bakin dandali, tsofaffi su zauna da shi, kamar yadda aka saba tun da.

A gaya wa 'yan sintiri, yaron da suka gani bayan lokaci su raka shi ƙofar gidansu su damƙa wa ubansa. Ba duka, ba tara. Kangon bayan gari da masu sayar da ƙwaya, can muke son su sa ido.

A kai kukan kududdufin nan gaba, ko a cike shi ko a kewaye shi kafin ruwa ya sauka, a kuma nemi ma'aikatan lafiya su zo makaranta su duba yara su raba maganin tsargiya.

Limamanmu kuma muna roƙon ku ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin yaro, ku gaya wa iyaye su bar manya su tsawata wa 'ya'yansu, ku gaya wa manya su tsawata da tausayi. In wannan bai dawo ba, ko an bar mana dandali ba mai tsaronsa.

Muna roƙon a kira zama kafin watan azumi ya kama, kuma kafin a fara karɓar kuɗin filayen, don in kuɗi ya shiga hannu warwarewa za ta yi wuya. In zuwanmu fada bai dace ba, a turo mana wakili makarantar matan aure ranar Asabar ko Lahadi da la'asar, zai same mu a can.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yarku, tsohuwar malamar firamare, a madadin iyaye mata da kakannin garinmu, Jihar Jigawa.